Kaset ɗin Bawa na Horo Birni

Shekarar da aka yi zaɓe na biyu a mulkin farar hula, ruwa ya ɗauke mana tun gero bai gama fidda kai ba. A lokacin ina da shagon ɗinki a bakin kasuwar Boɗinga, kuma ni ne shugaban wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo da muke yawo da ita kasuwa-kasuwa, daga Boɗinga har Shagari da ƙauyukan da ke tsakani. Wasanninmu na faɗakarwa ne, kan riga-kafi da taki da tsabtar rijiya. Sunana Maniru, amma Tela kowa yake ce mini.

Mu huɗu ne ba ma fashi. Akwai Malam Husaini, malamin firamare, dogo mai murya kamar an tace ta. Shi muke ba matsayin mutumin kirki a kowane wasa. Akwai Malama Atika, ma'aikaciyar ɗakin shan magani, wadda ba ta da yawan magana, amma in ta ce wuri kaza bai yi ba, to ka koma ka duba. Sai Bawa.

Bawa manomi ne daga Horo Birni, can ƙasar Shagari. Ya ba hamsin baya, gajere ne, ƙafafunsa a gwame. Shi ne mai ba mu dariya. Kafin ya buɗe baki, da ya shigo fili ya karkace hula, mutane sun fara riƙe ciki. Yana da wata dariya tasa, 'yar gajera, ta hanci, wadda har direbobin tasha suke kwaikwaya in sun gan shi. Shekara shida muna tare ban taɓa ba shi matsayin da ba na wawa ba, shi ma bai taɓa nema ba.

Bayan zaɓe da kamar wata biyu, Husaini ya ji sanarwa cewa wani gidan rediyo a Kaduna yana neman sababbin muryoyi don wani dogon wasa a kan manoma. Wanda yake nesa zai iya ɗaukar muryarsa a kaset ya aika. Husaini ya rubuta musu, suka aiko masa da shafi biyu ta gidan waya. Ya kawo shagona ya karanta mana. Wani manomi ne, Malam Abu, abinci ya ƙare masa ƙaf, ya shiga rumbu ya fito da damin irin da ya ajiye don shukar baɗi, yana gaya wa matarsa Hasiya ta daka a ci. Matar ba ta cewa komai, shi kaɗai ke magana. Wajen tsakiya an rubuta cewa ya fashe da kuka.

Duk mun san matsayin Husaini ne. Muna cikin yi masa fatan alheri sai Bawa ya ce daga kan buhun da yake zaune, "Malama, sake karanta min. Sannu-sannu."

Atika ta karɓi takardar tana karantawa, shi kuma ya zaro guntun fensir yana rubutawa da ajami a bayan takardar buhun siminti, don bai yi boko ba.

Na ce, "Bawa, kai ma Kaduna za ka?"

Ya ce, "Kai dai bari, Tela."

Muka yi dariya, shi ma ya taya mu. Na ɗauka wani abin barkwanci yake shiryawa.

Kwanakin nan komai ya yi wuya. Ana kiran abin ostariti, wato tsuke bakin aljihu. Sabulu sai ka bi layi, sukari sai wanda ya san wani, batir kuwa in ka samu guda huɗu, sai ka riƙa shanya su a rana suna farfaɗowa. A ƙauye abin ya wuce nan. Matasa sun fara tafiya ci-rani tun kafin lokacinsa, kuma a kasuwar dabbobi ta Shagari masu sayarwa sun fi masu saye yawa nesa ba kusa ba.

Ranar kasuwar da ta zagayo ta biyu, bayan azahar, muka taru a shagona don mu ji kaset ɗin Husaini kafin ya aika. Na tura keken ɗinki gefe, na sako labule. Husaini ya ajiye rakodarsa a kan teburin yanka ya danna.

Gaskiya ya yi ƙoƙari. Kowace kalma ta fita tsaf, da Hausar Kano irin wadda aka rubuta takardar da ita. Da ya zo wurin kuka ya yi kuka har da shessheƙa. Na ce ya yi, sai dai ya rage sauri a farko. Atika ta ce kukan ya zo da wuri, kamar yana jiran a buɗe masa ƙofa. Husaini ya rubuta duka a ɗan littafinsa.

Sai Bawa ya sa hannu a aljihu ya fito da wani kaset a naɗe cikin tsumma. Tsohon kaset ne na waƙoƙin kamfen da aka raba lokacin zaɓe, har da hoton tuta a jikinsa. Ya ce wani ɗan'uwansa direba a Shagari ne ya ara masa rakoda na yini ɗaya, ya ɗora muryarsa a kan waƙoƙin.

Husaini ya yi murmushi ya ce, "To, Malam Bawa, bari mu wanke kukan nan da dariya."

Ya danna. Aka ji guntun kiɗan kamfen, sai ƙaras, ya yanke.

Abin da ya fara zuwa ba magana ba ce. Numfashi ne, da wani irin amo mai zurfi, kamar ka kara kunne a bakin babban tulu. Sai murya ta ce, ƙasa-ƙasa:

"Hasiya. Aje tsintsiyar ga ki taho."

Na kalli Bawa don in tabbata shi ne. Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Muryar tasa ce, amma ban taɓa jin ta a haka ba. Duk kalmar da ya faɗa sai ta zagaya ta dawo masa a hankali.

"A'a, ba baƙi munka yi ba. Zamna."

Babu wannan a takarda. Amma da ya faɗe shi, wallahi na ga matar. Na ga ta tsaya da tsintsiya a hannu, tana duban abin da ya rungumo.

"Kin san wanga. Awo, kin san shi. Geron zango na, irin baba. Shi yaz zaɓe shi da hannunai, kai-kai. Kowace kaka ni ma sai in hidda waɗanda sunka hi tsawo in ɗamre daban. Shekara talatin, Hasiya, ko tsuntsu ban bari ya kai baki gare shi ba."

Nan ne takarda ta ce ya fashe da kuka. Bawa bai yi kuka ba. Dariya ya yi. Dariyar nan tasa ta hanci da muka sani, wadda ke kayar da mutane a kasuwa, ita ce ta fito, amma ta tsaya a rabi kamar an shaƙe ta. Sai ya ce, "Ni da nika korar tsuntsu."

Daga nan shiru. Kaset yana juyawa, ba ka jin komai sai numfashinsa da ƙarar busasshen kan gero da ake shafawa. Ina riƙe da allura na manta da ita har ta soke ni. A waje kasuwa na ci, masu albasa na kiran ciniki, amma mu a cikin shagon nan ba wanda ya motsa.

"Kada ki daka gaban yara. Babban ya san iri."

Wani shirun kuma, gajere.

"Ɗauko turmi."

Sai muryar ta ɗaga, ta koma ta takarda: "Wayyo Allah, ina za mu sa kanmu! Duniya ta juya mana baya!" Ƙaras, kiɗan kamfen ya dawo da ƙarfinsa, ana yi wa wani ɗan takara kirari. Husaini ya yi wuf ya kashe.

Atika ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska. Husaini yana kallon rakodar kamar yau ya fara ganin irinta. Bawa ne ya gaji da jira ya ce, "To, ku hwaɗi. Don ku gyara min na kawo."

Ni ne shugaba, dole ni zan fara, kuma na ji kunyar a ce ban da abin faɗa. Na ce, "Bawa, ka bar takarda. Rabin abin da ka faɗi ba su suka rubuta ba. Sun ce kuka, ka yi dariya. Shirun nan kuma ya yi tsawo, a rediyo sai a ɗauka batir ne ya mutu. Sannan Hausarmu ka yi tsantsa. Mutanen Kaduna in sun ji Basakkwace, dariya suke jira."

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma ina faɗa ina jin bakina ba daɗi, kamar mai neman zare a kwance a jikin rigar da ta fi ƙarfin ɗinkinsa.

Bawa ya gyaɗa kai. "Na ji. Malam hwa?"

Husaini ya jawo rakodar gabansa. Ya zare kaset ɗin, ya zura biro a ramin yana juya shi da hannu don kada a ƙona batir wajen mayarwa baya. Ya mayar ya sake dannawa. Muka sake ji tun daga farko. Na yi zaton a karo na biyu abin zai sake ni, tunda na san abin da ke zuwa. Sai ma ya fi. Wannan karon na lura cewa kafin dariyar akwai wani ɗan haɗiyar yawu da ya yi, kamar mutumin da ya so ya faɗi wata magana ya fasa.

Da ya ƙare Husaini ya ce, "Tela, shirun nan kada a taɓa shi. Ni na yi kuka don a ji ni. Shi kuwa yana ƙoƙarin kada matarsa ta gani, mu kuma muka gani. Shekara goma ina wasa, ban san ana yin haka ba." Ya juya wajen Bawa. "Malam Bawa, don Allah a ina ka ɗauki wannan? Wane ɗaki ne ke da irin wannan amo?"

Bawa ya sosa ƙeya. "Ba ɗaki ba na. Gida hayaniya, ga kaji, ga awaki. Na tahi bayan gari iska ya hana. Sai na hau na shiga rumbuna na ja murhi."

"Rumbu?" in ji Husaini. "Ina ka samu wurin zama a rumbu da kaka?"

Yana rufe baki ya gane abin da ya tambaya. Mu ma muka gane. Watan da ya kamata a ce rumbu ya cika har wuya, mutum ya shiga nasa ya miƙe ƙafa, har muryarsa na yawo a ciki.

Bawa ya ce, "Dami ukku na iri suna nan rataye. Ban taɓa su ba tukuna. Da na zamna na buɗe takarda, duhu ya hana ni ganin rubutu. Sai na ɗaga kai, da ɗan hasken gehen murhi na gan su. To, abin da kunka ji ke nan."

Sai a sannan Atika ta sauke gyale. Idonta ya yi ja, amma muryarta daidai take.

"Baba Bawa, wuri ɗaya ne ka yi mana ƙarya."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ƙarshen. Wayyo Allah ɗin nan. Tun daga farko da Hasiya kake magana. Da ka zo nan sai ka juya mata baya, ka fuskanci 'yan kallo. Muryar kasuwa ce. Mutumin da ya ce kada yara su gani ba zai kwarma ihu a tsakar gida ba."

Bawa ya buga cinyarsa. "Aradu gaskiya ta! Nan na tuna da ku. Na ce kada Tela shi ce ban yi ko layi guda na takarda ba."

Wannan karon dariyar da muka yi ta gaske ce, ta ɗan sassauta mana ƙirji.

Na ce to ya koma ya sake ɗauka, ya bar layin ƙarshe, tunda Husaini zai iya ba shi rakodarsa. Bawa ya girgiza kai. Ya ce shi ba zai sake shiga rumbun nan da wannan magana a bakinsa ba, ko da Kaduna ce za ta taso ta zo Horo Birni. Ba wanda ya matsa masa.

Husaini ne ya kawo dabara. Ya ce a goge layin kawai. Ya juya kaset da biro har daidai bayan "Ɗauko turmi", ya saurara, ya ƙara juyawa kaɗan, sau uku yana gwadawa. Sannan muka tattaro duk yadin da ke shagon, shadda da atamfa da wani bargo da aka kawo mini faci, muka binne rakodar a ƙarƙashinsu don kada hayaniyar kasuwa ta shiga. Husaini ya zura hannu ya danna jan maɓalli. Muka tsaya mu huɗu a kan tulin kaya muna riƙe numfashi, har ya ƙirga abin da ya ƙirga ya kashe. Ya bar shi ya ci har da kiɗan kamfen ɗin da ke biye.

Da muka sake ji, maganar ta tsaya a kan turmi, sai shiru. Atika ta ce, "Yanzu ya yi."

Na sake tayar da zancen Hausar, don har ga Allah ina tsoron kada a yi masa dariya a inda ba dariya ya je nema ba. Bawa ya ce, "Tela, in na ce 'zauna' maimakon 'zamna', Hasiya ba ta zamnawa." Na bar maganar.

Husaini ya ɗauki nasa kaset ɗin zai mayar aljihu, ya ce ba amfanin aika shi. Bawa ya riƙe masa hannu ya ce in ba a aika biyu ba, shi ma a ba shi nasa ya koma da shi. Haka aka yi. Husaini ya zauna a kan teburin yanka ya rubuta wasiƙa da kyakkyawan rubutunsa. Ya karanta mana kafin ya liƙe. A ciki ya ce kaset biyu ne, ɗaya nasa, ɗaya na wani manomi, kuma yana roƙon a fara jin na manomin, a kuma yi haƙuri da shirun da ke tsakiya, ba lalacewa ba ce.

Wata biyu ba labari. Sai sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen shekara, komai ya tsaya cik. Wasanninmu na kasuwa ma muka dakatar, don ba wanda ya san abin da aka yarda a faɗa. Bawa ya koma fadama yana aikin albasa a gonar wani. Muka cire rai.

Ana tsakiyar bazara wasiƙa ta iso makarantar su Husaini. An kira su su biyu. Bawa ne Malam Abu, Husaini kuma aka ba shi matsayin malamin gona. Ni na ɗinka wa Bawa rigar da ya tafi da ita, don ya ce ba zai shiga Kaduna da rigar wawa ba.

Da suka dawo bayan mako uku, Husaini ya ba mu labari. Ya ce mai shirya wasan ya tara ma'aikatansa ya sa musu kaset ɗin, sannan ya sa aka sake rubuta wasan aka mai da garin Malam Abu ƙasar Sakkwato, don kada Bawa ya canza ko harafi. A ɗakin ɗaukar murya sau takwas Bawa yana yin wurin nan na iri. Husaini ya ce ya yi kyau ƙwarai, har mai kula da na'ura ya cire abin kunnensa ya fita waje. "Amma," in ji shi, "bai kai wanda muka ji a shagon nan ba. Wancan mu huɗu da mutanen ofishin nan kaɗai muka ji shi."

Ranar da aka sa wannan kashi a rediyo ta faɗo ranar kasuwar Shagari, da la'asar. Na rufe shago na tafi. Mai shayin tasha ya ɗora rediyonsa a kan benci ya ƙure murya, mutane suka kewaye. Da suka ji muryar Bawa suka fara murmushi suna taɓa juna, suna jiran abin da suka saba. Ina kallon fuskokinsu murmushin yana gushewa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo shirun, wani mahauci ya kai hannu zai bubbuga rediyon, wani dattijo ya riƙe masa hannu bai ko dube shi ba. Manoma ne kusan dukansu, kuma a wannan bazarar da yawansu sun riga sun yi abin da Malam Abu yake yi. Bawa kansa bai zo ba. Ya ce yana da ban-ruwa.

Kwana biyu bayan haka na je Horo Birni in gaishe shi. Muna zaune a ƙofar gidansa da hantsi sai ga wata tsohuwa tafe da sanda, da ƙwarya a kai. Inna Uwani ake ce mata, daga wata ruga take can gaba da garin. Ta tsaya ta tambaya ko nan ne gidan Malam Abu na cikin rediyo. Bawa ya tashi ya gaishe ta, ya ce shi ne ya yi maganar, amma sunansa Bawa, kuma wasa ne.

Ta ce ta sani an ce wasa ne. Ta sauke ƙwaryar ta buɗe faifai. Gero ne, bai fi mudu biyu ba.

"Ka ba Hasiya," in ji ta. "Ka ce ta daka wannan, ta bar irin tsohon."

Bawa ya buɗe baki zai yi bayani, na ga ya fasa. Ya durƙusa har ƙasa ya karɓa da hannu biyu, ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa manya, ya shiga da ƙwaryar cikin gida. Ya fito da ita an wanke, da albasa cike a ciki. Tsohuwar ta sha ruwa ta huta, sannan muka raka ta, ni da shi, har bakin hanyar shanu.